Idon Roba da Jinjirin Wata

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, har in riƙa neman hulata alhali tana kaina, akwai azumi guda da ba zai iya ɗauka ba. Shi ne azumin shekarar da aka dasa mini gilashi a cikin ido, mutanen garinmu kuma suka zauna suka yi wa idon shari'a ba tare da sun nemi jin ta bakin mai shi ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Saulawa, ƙasar Ikara. Gidanmu gidan malamai ne. Baba yana karantar da littattafai a zaure, magidanta na zuwa ɗaukar karatu, in damina ta faɗi kowa ya nufi gona. Ni kuwa Allah ya halicce ni da idon da ba ya ganin nesa. In na ce nesa, kada ka ɗauka Makarfi nake nufi ko Kudan. Nesa a wurina tana farawa ne daga inda hannuna ya ƙare. Littafi sai na kawo shi bakin hanci, har ɗaliban Baba suke cewa ni ba karanta karatu nake yi ba, sansanarsa nake yi.

Tun ina firamare aka yanka mini tabarau a Zariya. Duk bayan 'yan shekaru a ƙara masa kauri, har ya kai in ka dube ni sai ka ga idanuna sun koma kamar ƙwayar gero biyu a ƙasan rijiya. Daga nan sunana na yanka ya yi ritaya, gari ya raɗa mini Gindin Kwalba. Kuma ba yara kaɗai ba. Dattawa masu furfura, waɗanda ke yi mana wa'azi a kan haramcin kiran mutum da sunan da ba ya so, su suka fi kowa iya furta shi da daɗi.

Tabarau ɗin ya sassaƙe mini karan hanci. In na yi sujada ya zame, in na shiga gona gumi ya rufe shi. Ko yana fuskata, sai mutum ya matso nake gane ko wane ne. Wannan kuwa a garinmu ba ƙaramar masifa ba ce, domin a wurinmu gaisuwa ita ce shaidar tarbiyya. An sha kawo wa Baba ƙarata, wai na wuce wane ban gaishe shi ba, karatu ya sa mini girman kai. Da abin ya ishe ni sai na yanke shawarar gaida duk abin da ya yi kama da mutum. Wata safiya na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaida damin dawa da aka jingine a gindin ɗorawa, har da tambayar iyali da gajiya. Da bai amsa ba na ce a raina, yau dattijon nan da fushi ya tashi. Matan da ke dawowa daga rijiya suka gani, kafin azahar labari ya kai har ƙauyen Furana.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin gidanmu a kasuwar Makarfi ya faru. Wani mai ɗauke da damin rake ya juyo, ƙarshen raken ya fizge mini tabarau, kafin in sunkuya wani ya bi ta kansa. Na ji ƙarar fashewarsa, sannan duniya ta narke ta zama hazo mai surutu. Ga ni magidanci da gemu, tsaye a tsakiyar kasuwa kamar an dasa ni, ina tsoron ɗaga ƙafa. Wani ɗalibin Baba ne ya tsince ni, ya riƙe mini hannu har tasha kamar mai kai yaro makaranta.

Babbar yayata ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, mace ce da in ta ƙudura abu gara ka ba ta hanya. Da ta ji labari ba ta ce sannu ba, cewa ta yi in shirya. Ta ɗauke ni zuwa wani asibitin ido a Abuja. Suka yi ta aune-aune da na'urori, wannan ta hura mini iska, wannan ta haska ni. Daga ƙarshe likitan ya zaunar da mu ya ce aikin nan na haske da ake kira leza ba zai yi mini ba, domin matsalar ta yi zurfi, fatar gaban idona kuma siririya ce. Amma akwai wata hanya. Akwai ɗan gilashi na roba mai laushi, siriri kamar ɓawon albasa, da ake yi daidai da awon idon mutum. Za a naɗe shi, a zura ta wata 'yar kafa a gefen ido, ya buɗe ya zauna a bayan baƙin ido. Ba a cire komai daga abin da Allah ya halitta, ƙari kawai ake yi. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce wasu kan samu hawan jinin ido ko yana bayan aikin, don haka dole in riƙa zuwa ana dubawa, kuma in ta kama ana iya fitar da shi.

Na ce, "Likita, in na yi atishawa mai ƙarfi ba zai faɗo ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ko barkono ake daka a ɗakinka ba zai faɗo ba."

Muka dawo gida da labari, sai ga taron dangi ba wanda ya kira shi. A nan ya kamata in gabatar da Baffa, ƙanin Baba, na'ibin limamin garinmu. Mutum ne da Allah ya hore wa cikakken sani a kan duk abin da bai taɓa gani ba. Bai san hanyar Abuja ba, amma ya san abin da likitocinta ke ɓoyewa. Tun da ya je hajji ya dawo da haƙoran Makka guda biyu bai sake rufe baki ba, ko da guguwa ake yi.

Baffa ya gyara zama ya ce, "Malam, wannan canza halittar Ubangiji ne. Yadda aka ba shi ido haka zai mayar. In ya mutu fa? Da robar za a binne shi? A tashe shi ran ƙiyama da kayan kamfani a ka?"

Yaya ta buɗe baki, Inna ta danne mata gwiwa. Baba mutum ne mai tsadar magana, yakan yi wuni bai ce abin da ya wuce karatu da gaisuwa ba. Ya ɗago daga carbinsa ya ce, "Neman magani halal ne. Zancen binnewa kuwa, ranar da za ka je a cire maka haƙoranka sai ku tafi tare, a cire nasa."

Ranar ce na fara ganin bakin Baffa a rufe, ko da yake in faɗi gaskiya ban gani da kyau ba, Yaya ce ta tabbatar mini.

Aikin kansa ba shi da labari mai tsawo. Ina farke aka yi shi. Sun ɗiga mini magani ido ya mutu, sai haske mai ƙarfi da muryar likita yana cewa in dubi fitila kada in motsa. Na ɗauko addu'o'i masu yawa don tafiyar, ban kai rabinsu ba aka ce an gama. Washegari da aka buɗe, na duba ta taga, na ga ashe ganyen bishiya ɗaya-ɗaya yake, ba koren dunƙule ba ne. Na juyo na dubi Yaya tana can bakin ƙofa, na ce, "Yaya, ashe furfura ta fito miki."

Ta ce, "Duk abin da ke duniya ita ka fara gani? Laifina ne da na kawo ka."

Tana faɗa tana share hawaye, kuma shi ma na gan shi, ɗigo-ɗigo. Ranar da na koma gida, tun daga bakin zaure na hango Inna a gindin murhu, na ga tsagar fuskarta, na ga yadda take ɗan karkata kai in tana tuƙi. Duk shekarun nan haka take yi ban sani ba. Na tsaya a wurin na kasa ƙarasawa.

Kana tsammani gari zai taya ni murna? Ai sun taya ni, irin tasu. Da farko suka ce kwalbar ce ta koma ciki. Daga nan suna ya canza, na tashi daga Gindin Kwalba na koma Idon Roba, ƙarin girma ba tare da na nema ba. Wasu suka ce akwai kyamara a ciki, duk abin da na kalla ana ganinsa a ƙasar waje, kamar Turawa ba su da aikin yi sai kallon awakin Saulawa. Wata tsohuwa takan ja mayafi ta rufe ƙullin goronta in ta hango ni. Ni kuma da wautata, wata rana a majalisa na ba su labarin cewa in duhu ya yi nakan ga wani zobe na haske kewaye da fitilar babur, likita ya ce haka yake yi wa wasu da farko. Ban san makami nake miƙa musu ba.

Ana nan Sha'aban ya kai ashirin da tara. Al'adar garinmu ce bayan sallar magariba maza su fita filin idi, inda yamma take a buɗe, a dubi wata. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin jinjirin wata ba. Nakan bi mutane ne kawai in tsaya ina kallon inda suke kallo. Ranar an ɗan yi yayyafin farko da la'asar, gajimare ya yi jere a yamma, sai 'yan kafofi nan da can. Baffa na gaba da sandarsa yana nuna wa jama'a inda wata zai fito, kamar shi ya aike shi. Rabin mutanen suna kallon sandar, rabin suna gardamar farashin taki.

Ni na koma gefe. Na dubi wata kafa da ta buɗe a ɗan sama da inda rana ta faɗi, sai na gan shi. Siriri ne kamar yankan farce, fari, a kwance, ƙahonninsa na duban sama. Na rufe ido na buɗe, yana nan. Na ɗaga murya na ce, "Allahu akbar! Ga shi can! Jama'a, ga wata!"

Kafin su gama juyowa, su gama tambayar wa ya yi magana, su gama mamakin wai ni ne, gajimare ya ja labulensa. Aka yi ta zuba ido, babu komai.

Baffa ya tako a hankali, haƙoran Makka na ƙyalli. Ya ce, "Wa ya ce ya gani?"

Na rusuna na ce, "Ni ne, Baffa. Wallahi na gan shi, a kafar can, kafin ta rufe."

"Kai?" Ya juya ga jama'a. "Kun ji. Mu nan da idanunmu na gado ba mu gani ba, sai wanda ya gaida damin dawa."

Fili ya ɗauki dariya. Na ce, "Baffa, ko mai gari a sanar, ya kai maganar gaba, a haɗa da ta wasu."

"In kira mai gari in ce masa wa ya gani? Roba? Ganin wata da ido ake yinsa, ido na Allah, ba na kamfani ba. Ba kai da bakinka ka ce kana ganin zobe a jikin fitila ba? Wa ya sani ko gefen robar ne ya lanƙwashe, ka ga lauje ka ce wata ne?"

Wani daga baya ya ce a buga mini ƙeya ko za ta daidaita. Aka sake fashewa.

Yanzu da na girma nakan yi wa Baffa adalci. Yana da hujja a hannunsa in da ya so. Shaidar mutum ɗaya ba ta tsayar wa gari da azumi, sai an samu na biyu, wannan kowane ɗalibi ya sani. Da haka ya faɗa da na yi shiru na koma gida da mutuncina. Amma hujja ba ta ba jama'a dariya, shi kuwa Baffa bai taɓa barin taro ya tashi haka nan ba.

Na koma gida. Baba bai je filin ba saboda ciwon gwiwa, yana zaure, labari kuma ya riga ni isa. Na zauna nesa da buzunsa na sunkuyar da kai. Bai yi zancen dariyar ba. Ya tambaye ni ta wane gefen mafaɗar rana na gan shi, da tsayinsa daga ƙasa, da inda ƙahonninsa suka fuskanta. Na faɗa masa. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, Baba."

Ya dafa bango ya miƙe, ya leƙa cikin gida ya ce, "A tanadi sahur. Gidan nan gobe azumi."

Inna ta ce, "Malam, an faɗa a rediyo ne?"

Ya ce, "Ba a faɗa ba. Yaron nan ya gani. Gari sai da shaidu biyu, amma shi da ya gani azumi ya hau kansa, mu kuma mun gaskata shi. Bai yi mini ƙarya ba lokacin da ba ya gani, ba zai fara yanzu da yake gani ba."

Baba bai taɓa yabona a gabana ba, kafin ranar ko bayanta. Na tashi na fita don kada ya ga fuskata, na manta cewa a gidan nan ni kaɗai ne na daɗe ba na ganin fuskar mutane.

Ana idar da sallar isha rediyo ya sanar an ga wata a garuruwa da dama, gobe ɗaya ga Ramadan. Ladan ya yi shelar asham. Wa ke sahun gaba yana gyara wa mutane kafaɗa? Baffa. Washegari na ji yana gaya wa majalisa cewa shi dama lissafinsa ya nuna za a gani, kuma a irin daren jiya ko makaho ya ce ya gani sai ya dace. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. A garinmu ba a ba ƙarami haƙuri, sai dai a manta da laifin da aka yi masa, don a sauƙaƙa masa.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Yayyafin nan na farko yaudara ce, ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe wuta. Kafin azahar leɓe ya tsage, masu sharar gona suna dawowa kamar an matse su. Da aka shiga goman ƙarshe kowa ya rame, zance ɗaya ake yi a gari: Allah ya sa watan ya yi nuƙusani, a sha ruwa a ashirin da tara.

Ran ashirin da tara da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga Baffa da tawaga. Ya kira ni da sunana na yanka, har sai da na waiwaya in ga da wa yake. Ya tambayi lafiyata, da lafiyar idon, da ko ina ɗiga magani a kan lokaci. Ya ce, "Ɗana, yau fa kai muke sa rai. Irin wannan baiwa da Allah ya ba gidanmu ai ba a barin ta a ɗaki."

Ashe roba ta musulunta ban sani ba.

A filin idi aka shimfiɗa mini tabarma a wuri mafi tudu. Aka kori duk mai tsayi daga gabana. Wani ya kawo mini kankana mai sanyi, wai tana wanke ido. Mahaucin garinmu, wanda ya riga ya ɗaure san da zai yanka ran Sallah, ya tsaya a kaina yana yi mini fifita da hularsa. Shi ne fa wanda ya ce a buga mini ƙeya. Baffa na gefe da waya a hannu, lambar mai gari a shirye. Sama kuwa ranar tas take, ko ɗigon gajimare babu.

Na duba. Na bi yamma daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo. Babu komai sai ja yana komawa toka.

"Yaya dai?" in ji Baffa.

"Ban gan shi ba tukuna, Baffa."

"Ƙara dubawa. Kada ka yi gaggawa. Aikin Abuja ne fa a idonka."

Na ƙara. Ba zan ɓoye ba, ni ma ƙishirwar ta ishe ni, kuma daɗin tabarmar nan ya fara shiga jikina. Mutumin da ya shekara da shekaru ana yi masa dariya, yau gari guda ya zuba masa ido yana jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Da na ce ga shi, da an ɗaga ni sama, kuma na tabbata da ba a rasa na biyu ba, domin akwai mutum goma a wurin da ke shirye su ga duk abin da na gani. Amma babu shi, kuma na san wanda zan koma in tarar a zaure.

Na ce, "Babu wata, Baffa."

Ya sunkuyo ya rage murya. "Ko ɗan alama? Ko ɗan zoben nan da kake gani, babu?"

Na ce, "Zoben ma ya daina tun tuni."

Duhu ya sauko. Fifita ta tsaya. Mai kankana ya ɗauke ragowar kankanarsa. Mai tabarma ya ce in ɗan ɗaga. Baffa ya mayar da waya aljihu, ya kakkaɓe riga, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Dama na faɗa tun farko. Roba roba ce."

Rediyo ya sanar ba a ga wata ko'ina ba, a cika talatin. Wannan ma bai wanke ni ba. Ranar talatin ɗin nan duk wanda ƙishirwa ta kama sai ya harare ni, kamar ni na ɓoye watan a aljihu. Wata gwaggonmu da ta zo Sallah daga ƙauyen Taba ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kai dai ba ka da alheri. Kai ka jawo mana azumin, kuma kai ka hana mu Sallah. Da can da ba ka gani ai lafiya muke zaune."

Har yau ina zuwa ana duba idon, kuma alhamdu lillahi yana nan garau. Amma abin da na koya a watan nan ya fi abin da likita ya ba ni. Yawancin mutane ba mai gani suke nema ba, mai ganin abin da suke so suke nema. In ganinka zai ɗora musu nauyi, makaho ne kai ko da hujja ta kai dutse. In zai sauke musu, sai su shimfiɗa maka tabarma. Saboda haka kada zaginsu ya sa ka musanta abin da ka gani, kada kuma fifitarsu ta sa ka ga abin da babu. Tabarmar tasu ce, da duhu ya yi za su naɗe abarsu. Kai za a bari da idonka, da Wanda ya san abin da ya gani.